Ƙafar Malam Manzo

Tanut, 21 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da matarka Radiya da duk mutanen Rijiyar Jika. Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba, ka ce ina yi masa sannu da jiki. Ka faɗa masa haka ɗin nan yadda na rubuta, kada ka tace.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Haris direba alhali ga waya. To, wayar ce ta ishe ni. Sai ka hau tudu ka samo rezon waya da ƙyar, in ce maka "ya ƙafar Baba?" ka ce "Yaya, canza kalma." In ce "ciwon fa?" ka kashe. Sau uku ke nan kana yi mini haka. Takarda dai ba ta da wurin kashewa, sai dai ka ba akuya ta cinye.

Wata guda ke nan da kututturen kara ya soki Baba a tafin ƙafa wurin sassabe. Da na zo Sallah na ga ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ka ce mini an je likita a Belbeji, an duba, ba komai. Jiya Haris yake ba ni labari, tunda shi ya kai ku, cewa majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya auna jinin Baba ya tarar sukari ya hau sosai, ya rubuta takarda ya ce a wuce da shi babban asibiti a Damagaram ba tare da jinkiri ba. Ina takardar? Me Baba yake yi a gida har yau?

Sai kuma wanda ya fi ba ni haushi. An ce ka hana dubiya. An ce Gwaggo Hawa, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ta taso tun daga garinsu a kan amalanke cikin wannan rana, da ƙwaryar furarta, ka tare ta a zaure ka ce fuskarta tana ɗauke da "negatif". Matar da ta goya ka! Fuskar Gwaggo haka take tun kafin a haife ka, ko ranar bikinka ma haka ta zo da ita. Wallahi da na ji sai da tuwo ya fita raina. A garinmu ko akuyar mutum ce ta karye ana zuwa a yi masa jaje, kai ka rufe ƙofa a kan tsoho mai shekara saba'in.

Shekara uku ka yi a Yamai. Mun zata aiki za ka dawo da shi, ko injin niƙa, ko dai ƙiba. Sai ga ka da littafin rubutu da igiyar waya a kunne, kana sauraron wani mutum yana gaya maka kai zaki ne. Lokacin na ce a raina ƙuruciya ce, za ta wuce. Amma ƙafar Baba ba wurin gwada karatu ba ce.

Ina tsakiyar shirya wa yaran lakwal, makarantar da nake koyarwa, jarrabawa, diraktanmu kuma ba ya sakin mutum da sauƙi, shi ya sa ba ka gan ni ba. Ka ba Haris amsa ranar da zai juyo. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya ba ka hankali.

Yayarka,
Sakinatu

*

Rijiyar Jika, 25 ga Afrilu

Zuwa ga babbar yayata mai daraja, Madam Sakinatu Manzo,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa tare da fatan alheri, nasara da yalwa a gare ki da maigidanki da yara. Mu nan muna cikin ni'ima. Baba yana samun ci gaba kullum, yana gaishe ki.

Na karanta takardarki sau ɗaya, kuma ba zan sake ba. Na ƙirga kalmomi masu nauyi a cikinta har na gaji. Ban yi fushi ba, domin ni ma haka nake kafin in yi formasiyo, wato horo, a Yamai wurin malamina Koc Ismail.

Bari in yi miki bayani a sauƙaƙe. Ɗan Adam zuciya biyu gare shi. Akwai ta sama, wadda kike lissafi da koyar da yara da ita. Akwai ta ƙasa, wadda masana suke kira subkonsiyan, ita ba ta barci, ba ta gardama, duk abin da aka jefa mata sai ta karɓa ta mayar da shi gaskiya a jiki. Ki ɗauki rijiyar garinmu mai gaba sittin. Bakinta kawai kike gani, amma abin da ya faɗa can ƙasa shi kike sha. To me dubiyarmu take jefawa a rijiyar maras lafiya? Ki tuna da kyau. Tsohuwa za ta zauna ta rafka tagumi, ta ce "wayyo, sannu, haka aka yi wa wane, daga ƙaya ce fa, kwana arba'in aka kai shi." Ta sha ruwa, ta tashi, wata ta zauna ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Mutum talatin a yini! Ni wannan al'ada ƙyama take ba ni, Yaya. Suna zuwa da fura a hannu da likkafani a baki. Gwaggo Hawa tun daga bakin zaure ta fara labarin mijinta. Na karɓi furar, na yi mata godiya, na sallame ta cikin mutunci.

Maganar majo kuma, mutum ne mai kirki amma bai san ƙarfin kalma ba. A gaban Baba ya ce "in aka yi wasa za a rasa ƙafar nan." Kin ga abin da ya jefa? Kwana uku na yi ina kwashe wannan magana daga zuciyar Baba. Takardarsa tana nan a ajiye. Ba na ƙin asibiti, amma wurin da kowa yake nishi ba wurin warkewa ba ne.

Ga tsarinmu. Kowace safiya bayan salla Baba yana maimaitawa sau talatin da uku: "Ƙafata lafiya lau take, bana da kaina zan yi shuka." An rufe ƙafar don kada idonsa ya riƙa aika wa zuciyarsa mummunan hoto. Radiya tana wankewa da ruwan gishiri tana sa zuma. Ai ke ma kin san addini ya ce a kyautata zato ga Ubangiji, ni ban zo da baƙon abu ba.

Roƙona gare ki, in kin tuna Baba, ki hango shi a tsaye a gona da ƙwaryar iri a hannu. Tunaninki yana isowa nan ko kina Tanut. Ki huta lafiya cikin haske.

Ƙaninki mai biyayya,
Abdulgafar Manzo

*

Rijiyar Jika, 28 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida maigida da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji biyar na tsaya. Na ba Kaltuma mai cuku wannan takarda ta sa a ƙasan kwandonta. Ƙaninki bai sani ba. Don Allah kada ki ce ni ce.

Yaya, ƙafar Baba ta lalace. Ni nake buɗe ta safe da yamma, ni kaɗai nake gani. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi kamar gawayi. Baƙin yana hawa. Tafin ya rarake, ruwa yana fita mai wari. Shekaranjiya na ga abu yana motsi a ciki. Tsutsa ce. Da tsinke na cire su, guda tara, na zuba a toka. Na fita bayan ɗaki na yi amai, na wanke baki na dawo na naɗe.

Warin ya kama ɗakin, ya kama tabarma, ya kama zanena. Ko na yi wanka ina jinsa a hannuna. Na daina sa daddawa a miya, in na buɗe ta sai in ji kamar ƙyallen ne. Tsummokaran da nake wankewa ba na shanya su a tsakar gida saboda ƙuda. Ƙaninki ya sayo turaren wuta ya ce a riƙa sawa a bakin ƙofa. Yanzu warin biyu ne a haɗe, ya fi na da muni.

Ya ce in zan wanke in riƙa murmushi, don kada Baba ya karanta wani abu a fuskata. Ina cire tsutsa ina murmushi, Yaya. Allah ya gani.

Shi kuwa ba ya shiga. Tun bayan Sallah bai taka ɗakin ba. Yana tsayawa daga waje jikin taga ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ƙafata lafiya lau take!" Baba ya amsa daga ciki. Su yi ta yi har talatin da uku, yana ja da carbi. In sun gama ya ce "Baba ya jiki?" Baba ya ce "Da sauƙi." Ya rubuta a littafinsa ya tafi. To wane maras lafiya ne a ƙasar nan aka taɓa tambaya ya ce babu sauƙi?

Da ana barin mutane su shigo, da tuni wani babba ya gani ya yi tsawa an ɗauke shi. Liman ya zo sau biyu, a zaure aka tsayar da shi. Na gwada yi wa ƙaninki magana, ya ce ni ce nake jawo abin da idona, in gyara zuciyata. Ni ba zan iya ɗaga murya a kan mijina a gidan surukina ba. Ke za ki iya.

Na sami takardar majo a cikin littafinsa, ga ta nan na haɗo miki. Ki zo, Yaya. Ki zo da mota. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Radiya

*

Rijiyar Jika, 8 ga Mayu

Zuwa ga yayata abar alfahari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da murna da farin ciki. Ina fatan kina cikin yalwa. Kusan mako biyu ban ji daga gare ki ba, na ɗauki shirun nan alamar kin fara fahimta, kuma na gode.

Albishirinki! Zafin ya tafi. Kwana huɗu ke nan Baba bai yi nishi ba. Da, in Radiya ta zuba ruwan gishiri har zaure ake jin salatinsa. Jiya ta zuba, na kasa kunne daga waje, shiru. Na ce, "Baba, ka ji zafi?" Ya ce, "Ko kaɗan, Abdul. Kamar ba a jikina take ba." Yaya, sai da na yi sujada a tsakar gida. Kwana arba'in ba allura, ba wuƙar likita, ba tsofaffi masu tagumi, zuciya kawai aka gyara jiki ya bi. Akwai ɗan zazzaɓi da yake zuwa masa da yamma, yana kuma yawan barci, amma Koc ya taɓa yin bayani cewa haka jiki yake yi in yana fitar da tsohon tunani.

Radiya ce dai har yanzu take tafe da fuska a murtuke, ta rame, ba ta cin abinci. Ina yi mata aiki a hankali. In kin rubuto ki sa mata kalma mai daɗi.

Ranar Asabar zan tafi Belbeji tun da safe. Wasu samari sun roƙe ni in yi musu bayani a rumfar wani tela, kusan su ashirin. Labarin Baba zan ba su. Ina jin wannan ne mafarin aikina a ƙasarmu ta Damargu, kuma ina so ki zama cikin waɗanda za su ce tun farko sun yarda da ni.

Ki gaida kowa. Ki ci gaba da hango Baba a gona.

Ƙaninki,
Abdulgafar

*

Damagaram, 13 ga Mayu

Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Ka gaida Radiya, kuma in ka kuskura ka ɗaga mata murya a kan abin da ya faru, ni da kai ne.

Ka dawo daga rumfar telanka ka tarar da ɗaki wayam. Ni ce. Kai da kanka ka rubuto mini ranar da ba ka nan. Da takardarka ta iso na kai wa maƙwabciyata Mu'minat, wadda take aikin jinya, na ce ta karanta wurin albishir ɗin. Ta karanta ta dube ni ta ce, "Sakina, naman da ya mutu ba ya jin gishiri. Ki nemi mota yau." Abin da ka yi wa sujada ke nan.

Na shiga ɗakin da ka yi wata guda ba ka shiga ba. Tun daga tsakar gida turarenka ya tare ni, daga bayansa kuma abin da yake ɓoyewa. Na sa Radiya ta kwance ƙyallen. Ba zan rage maka komai ba, tunda kalma kake gudu. Yatsu uku sun bushe sun yi baƙi, ɗaya ya biyo ƙyallen. Baƙin ya wuce idon sawu. Fatar ƙwauri ta kumbura tana ƙyalli, in an danna sai ruwa ya tsattsafo. Na yi amai a bakin ƙofar Baba, a gabansa, shi kuma yana ce mini "sannu, uwata, sannu." Haris, ƙato da shi, ya naɗe hancinsa da rawani kafin ya kama mana mu ɗauki Baba. Muka yi tafiyar nan duka gilasai a buɗe. Maƙwabta suka fito suna salati, Liman yana cewa shi an ce masa sauƙi ake samu.

A hanya Baba ya farfaɗo, na ce, "Baba, kai ba ka ga abin da ake ciki ba?" Ka ji amsarsa, ka rubuta a littafinka in akwai sauran wuri. Ya ce, "Na sani tun ranar da yatsan ya daina jin ƙasa. Amma yaron nan ya dawo daga Yamai ba shi da komai sai wannan magana. Kullum da safe muryarsa har rawa take don murna. In na ce masa ba ta aiki, me ya rage masa?" Kai kana jinyar zuciyarsa, ashe shi yake jinyar taka, da ƙafarsa.

Yanzu saura nawa, don ba kai kaɗai nake ƙyama ba. Radiya ta rubuto mini tun ashirin da takwas ga Afrilu. Ta faɗa mini komai, har tsutsa. Na karanta, na ninke, na sa ƙarƙashin takardun jarrabawa, na ce Radiya yarinya ce, ta cika tsoro. Kwana goma sha ɗaya. Kuma tun ranar Sallah na ji warin nan. Na ce wa kaina ɓera ne ya mutu a rufin ɗaki, na kwana ɗaya na gudo, na ce lakwal. Lakwal ɗin da aka ba mu hutun kwana huɗu! Gaskiyar ita ce wata bakwai na yi ina jinyar Inna kafin ta rasu, ina kwashe abin da ba ya faɗuwa, kuma wani abu a cikina ya rantse ba zai sake ba. Shi ya toshe mini hanci, shi ya riƙa karanta mini takardu. In wannan ce zuciyar ƙasan da kake faɗa, to na yarda akwai ta, kuma tawa maƙaryaciya ce ta gaske. Ni ko formasiyo ban yi ba.

Likita ya karɓi takardar majo ya duba kwanan watan da ke jiki, ya dube ni, ya juya kan ƙafar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Suna ba Baba ruwa da allurai don zazzaɓin ya sauka. Ranar Alhamis za su shiga da shi. Ya ce tafin ya tafi, abin da ake nema yanzu a tsira da gwiwa.

Na kira wayarka a kashe. Ka zo. Baba yana juyawa duk lokacin da aka turo ƙofa. Wassalam.

Sakinatu

*

Rijiyar Jika, 15 ga Mayu

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ki. Ki yi wa Baba sannu. Na rubuta kalmar, kin gani.

Ban yi wa Radiya faɗa ba. Ita ta yi mini, karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan. Ta kama hannuna ta ja ni har cikin ɗakin ta ɗaga tabarmar. Ƙasan wurin ya jiƙe ya yi baƙi. Ban kai ƙofa ba sai amai. Na haƙe ƙasar da kaina na fitar, na ƙone tabarmar da tsummokaran. Har yanzu ina jin abin a maƙogwarona, kuma na san ita wata guda ta yi a ciki tana murmushin da na sa ta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da muka kai Inna asibitin nan da kuke, ni na riƙe kanta a mota, kin tuna. Muna shiga ƙofar, wata magana ta faɗo mini a zuciya, ban kira ta ba: "Ba za ta fito ba." Na yi a'uziyya, ta dawo. Na yi ta kore ta, tana dawowa. Kwana shida Inna ta rasu. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan. Da na je Yamai na ji Koc yana cewa abin da ka riƙe a zuciya shi yake faruwa, mutane suna tafi, ni kuwa gumi ya karyo mini, domin ya faɗa mini abin da nake tsoro: ni na kashe ta. Daga baya na ce to, in tunani yana kashewa, ai yana rayawa. Na kama wannan da hannu biyu. Da majo ya ce Damagaram, ƙofar nan kawai na gani.

Ban shiga ɗakin Baba ba don na san in na ga ƙafar maganar za ta dawo. Na hana mutane shiga don kada wani ya faɗe ta da baki. Na ce miki dubiya ce take ba ni ƙyama. Yau in na tuna kaina a jikin taga da carbi ina ihu, ga tsoho yana ruɓewa taku uku daga inda nake, ni nake ba kaina ƙyama. Samarin Belbeji sun yi mini tafi ranar Asabar, Yaya. A daidai lokacin kuna ɗauke shi.

Duk da haka ba zan iya zuwa ba. Ki kira ni abin da kika ga dama. Na san kin ce ƙarya ce, wataƙila ni ma rabina ya sani. Amma in na taka ƙofar nan maganar ta faɗo mini, gobe kuma aka shiga da shi bai fito ba, ba zan rayu da biyu ba. Ki bar ni nan ina addu'a daga nesa, ya fi masa aminci.

Na je na ba Gwaggo Hawa haƙuri. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta dai ce a gaida ɗan'uwanta. Ki roƙa mini gafarar Baba.

Ƙaninki,
Abdul

*

Damagaram, 17 ga Mayu

Abdul,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku.

An yi aikin jiya. Baba ya fito, ya farka, ya sha kunu. Ba a tsira da gwiwar ba, daga samanta aka yanke.

Maganar da ta faɗo maka ranar Inna, ni ma ta faɗo mini, ta faɗo wa Baba, ta faɗo wa direban da ya kai mu. Duk mai ido ya ga Inna ranar ya san haka. Ciwonta ne ya kashe ta. Ba ka kai ka kashe kowa da tunani ba, ƙanena.

Ga dalilin takardar. Sun naɗe ƙafar a farin ƙyalle, tana ɗakin ajiye gawa. Sun ce dangi su karɓa a kai maƙabarta a binne, kuma ba sa riƙe irin wannan ya wuce Lahadi. Ka san mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Wani dattijo mai aiki a wurin ya ce in babu namiji shi zai kai, ya saba. Na faɗa wa Baba. Ya ce a yi wa bawan Allah godiya, amma a bar ta, shi yana da ɗa.

Haris zai taso daga Rijiyar Jika gobe bayan asuba. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Sakinatu